Wasiƙa Zuwa Ga Matasa: Kwalliyar Jami'a Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Ya ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, masu jiran sakamakon JAMB, da waɗanda suka samu gurbi amma kuɗin rajista ya tsaya musu a wuya, da waɗanda suke aji biyu ko uku zuciya ta fara raya musu su ajiye karatun: ina gaishe ku, ina gaida iyayenku, da fatan kuna lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yawaita a bakinku, a majalisa da shafukan Facebook da TikTok, wai karatun jami'a damfara ne. Kuna cewa ga wane ya gama digiri yana tuƙa adaidaita sahu, ga wane ko sakandare bai ƙarasa ba ya gina gida ya kai mahaifiyarsa Makka. Abin da idonku ya gani gaskiya ne, kuma duk babban da ya ce muku ku rufe ido ku shiga jami'a kawai bai yi muku adalci ba. Sai dai hukuncin da kuka yanke ya yi gaggawa. Ku ba ni aron kunnuwanku mu yi lissafin tare.

Mu fara da lokaci, domin shi ne abin da ba a mayar wa mutum. A takarda, yawancin digiri shekara 4 ne, aikin injiniya da na lauya shekara 5, likitanci shekara 6. A zahiri ya wuce haka. Yajin aikin malaman jami'a na ƙungiyar ASUU a 2020 ya fara a watan Maris, ba a janye shi ba sai Disamba. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ya kai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya zauna a gida kimanin wata 17 ba da laifinsa ba. Kafin wannan akwai shekarun neman gurbi, tunda kusan mutum miliyan 2 ke zana JAMB a shekara, guraben kuwa ba su kai haka ba, sai ka ga yaro ya zana sau biyu ko uku. Bayan an gama akwai shekara guda ta bautar ƙasa. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, hukumar bautar ƙasa ta NYSC ba ta ma ɗaukarsa, takardar afuwa ake ba shi, kuma bankuna da kamfanoni da yawa suna ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka aiki.

Sai kuɗi. Tun 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu har ninki. Rajistar ma ita ce mai sauƙi. Akwai kuɗin ɗaki, da abinci, da mota, da littattafai, da data, da kundin kammala digiri. Kun fi ni sanin inda kuɗin nan yake fitowa: adashen uwa, ko ragon da uba ya kai kasuwa, ko yayan da ya ɗaga aurensa. Idan aka gama, mai bautar ƙasa yana karɓar alawus na naira 77,000 a wata, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024, kuma akwai masu digiri da yawa da ke koyarwa a ƙananan makarantu masu zaman kansu a kan abin da bai kai haka ba. Wanda ya ga wannan ya yi tambaya, ba a ce ya yi rashin kunya ba.

Iyayenku da suke matsa muku ku yi digiri suna magana ne da abin da suka gani a zamaninsu. Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, jami'o'i 5 ne kacal a duk Najeriya. Gwamnatin Sardauna tana neman 'yan Arewa masu ilimi ido rufe don su riƙe ma'aikatu, saboda haka aiki ne ke jiran ɗalibi tun kafin ya rubuta jarrabawar ƙarshe. Ko a shekarun 1970, da aka samu jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Bayero ta Kano, mai digiri bai san yawon neman aiki ba. Yau jami'o'in ƙasar nan sun haura 250. Kaɗan ne kawai daga cikin masu fitowa gwamnati za ta iya ɗauka, masaƙun Kaduna sun rufe, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa sun zama kufai. Zamanin da kwali kaɗai yake kai mutum ofis ya wuce, kuma ba na jin zai dawo.

Duk da haka ina gaya muku da babbar murya cewa karatun jami'a yana da riba, amma ribar tana hannun wanda ya shiga da manufa ya fito da iyawa. Kwali kamar takardar gona yake: yana shaida cewa gonar taka ce, amma bai taɓa cika rumbu ba.

Akwai ƙofofin da ba a shiga sai ta wannan hanya. Ba a zama likita a bakin kasuwa, ba a tsayawa gaban alƙalin babbar kotu a matsayin lauya sai an yi digiri an wuce makarantar horar da lauyoyi, ba a ba wa wanda bai yi karatun injiniya ba izinin sa hannu a zanen gada. Kuma mu ne muka fi kowa buƙatar waɗannan mutane. Ku je babban asibitin kowace jiha a Arewa ku ga layin marasa lafiya a ƙofar likita guda. Ku shiga ƙauyuka ku ga mata nawa ne naƙuda take zuwar musu da gardama babu ƙwararriyar ungozoma a kusa. Idan 'ya'yanmu suka yarda cewa karatu damfara ne, wa zai duba mu gobe, wa zai koyar da jikokinmu lissafi, wa zai zauna a teburin da ake raba arzikin ƙasa?

Sannan ku sake duban misalin da kuke kawowa. Kuna ganin alhajin da ya yi kuɗi a Kantin Kwari, ba kwa ƙirga yaran shago da suka yi shekara goma sha suna ɗaga dila har yau ba a sallame su ba. Kasuwa ma tana da waɗanda ta kayar, sai dai su ba a labarinsu. Gaskiya ne Alhassan Ɗantata ya tara dukiyarsa ba tare da boko ba, amma ya yi ilimin zamaninsa, ya san hanya, ya san lissafi, ya san mutane. Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga zuriyarsa, sai da ya je Jami'ar Azhar a Alƙahira ya yi karatu, matatar man da ya gina a Legas kuwa injiniyoyi ne ke tafiyar da ita. Yau mai son fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau zuwa ƙasashen waje sai ya iya karanta yarjejeniya, ya fahimci takardun kwastan da na banki, ko kuma ya biya wanda ya iya, ya kuma amince da duk abin da aka gaya masa. Ilimi yana ƙara wa ɗan kasuwa tsawon hannu.

Saboda haka nasihata ta farko ita ce, kafin ka cike fom ka tambayi kanka me za ka je yi. Da yawa suna karɓar duk kwas ɗin da aka jefa musu don dai a ce suna jami'a, su yi shekara huɗu suna karanta abin da ba sa so, su fito ba su san inda za su kai shi ba. Nemi mutum biyu ko uku da suka gama wannan kwas shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su abin da suke yi yanzu. Bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'a. Idan abin da zuciyarka take so yana wata ƙofar, bi ta can ba tare da jin kunya ba. Akwai kwalejin ilimi, akwai kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, akwai makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya, waɗanda sau da yawa ɗalibansu suke riga masu digiri samun abin yi. Wanda ya riga ya kama sana'a ko aiki yana iya shiga jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ya haɗa biyun.

Ta biyu, idan Allah ya sa ka shiga, ka yi karatun da gaske. Damfarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ɗalibi yake yi wa kansa: ya haddace takardun malami dare ɗaya, ya yi satar amsa, ya biya wani ya rubuta masa kundi, sannan ya fito yana cewa karatu bai amfane shi ba. Ina karatun yake? Akwai masu digirin kwamfuta da ba su taɓa rubuta manhaja ko ɗaya ba, akwai masu digirin aikin gona da ba su san lokacin zuba taki ba. Mai ɗaukar aiki a yau gwada ka zai yi, ya ce rubuta wasiƙa, tsara lissafin nan a kwamfuta, gyara injin nan. Watannin koyon aiki na SIWES ka je ka yi su da jikinka, kada ka nemi a sa maka hannu kana gida. Ka gyara Turancinka da Hausarka har ka iya rubuta shafi guda mai ma'ana. Ka zauna da ɗalibai daga wasu jihohi da wasu ƙabilu, domin abokin da ka yi a ɗakin kwanan ɗalibai yakan zama hanyar arzikinka bayan shekara ashirin.

Ta uku, ka riƙe sana'a a ɗaya hannun. Duk hutu da duk yajin aiki dama ce. Waɗanda suka yi wata takwas na 2022 a wurin mai gyaran waya a Farm Centre, ko mai walda a Panteka, ko masu haɗa sola, ko tela, ko a gonar rani a Kadawa, sun koma makaranta da abin da zai ciyar da su. Waɗanda suka yi shi a majalisa suna zagin gwamnati sun koma yadda suka fito. Mai digirin da ya iya aikin hannu ba ya jiran kowa, kuma karatunsa yana sa ya fi sauran masu sana'ar iya tsara ciniki, da riƙe lissafi, da neman manyan kwangiloli. Girman kai ne kawai yake hana mai kwali ɗaukar sufana, girman kai kuwa rawanin tsiya ne.

Ta huɗu, ka ji tausayin aljihun iyayenka. Kada ka sa a sayar da gonar gado don a kai ka jami'a mai zaman kanta saboda abokinka yana can. Nemi tallafin karatu na jiharka da na sauran hukumomi. Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Taimako ne babba ga ɗan talaka, amma ka tuna bashi ne. Ka kuma guji gajeriyar hanya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, mutane da yawa suka shiga tsaka mai wuya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku kuma 'ya'yana mata, maganata gare ku ta fi nauyi. Ku ne aka fi saurin cewa karatunku asara ne tunda ɗakin miji za ku. Mun ga matan da mutuwar miji ko saki ya bar su da yara biyar, kuma abin da ya rufa musu asiri shi ne takardar koyarwa ko ta jinya da suka yi tun suna 'yan mata. Mun ga mazajen da ba sa son namiji ya duba matansu a asibiti, su ne kuma suke hana 'ya'yansu mata karatun likita. Aure da karatu ba kishiyoyi ba ne. Idan aure ya zo kina tsakiyar karatu, ki roƙi Baba da waliyyanki su yi maganar ƙarasa shi a fili tun kafin a shafa fatiha.

Wanda kuma hali bai ba shi damar shiga jami'a ba, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofar ilimi. Ka kama sana'arka da kyau, ka koyi karatu da rubutu da lissafi har su zauna, ka ci gaba da zuwa makarantar dare da zauren malam. Ranar da Allah ya buɗa maka, ka sa ƙannenka da 'ya'yanka a makaranta, kada ka zama mai hana su.

Ƙannena da 'ya'yana, kada wanda ya gaji ya yanke muku hukunci, kada kuma ku shiga jami'a don kawai kowa yana shiga. Ku zauna da iyayenku da malamanku, ku yi lissafin shekaru da kuɗi, ku yi istihara, sannan ku zaɓi hanya ku riƙe ta da hannu biyu. Wanda ya zaɓi karatu ya yi shi har ya iya, wanda ya zaɓi sana'a ya yi ta har ya ƙware, wanda ya samu ikon haɗa su ya fi kowa dacewa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya sa ku ji ƙan iyayenku kamar yadda suka ji ƙanku.

Wassalamu alaikum.

Naku mai ƙaunarku,
Wani yayanku a Arewa