Yadda Ake Gano Ko Rashin Ƙarfin Mai Ne Ya Hana Mota Tashi

Wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ba zai rasa ganin haka a Kalgo ba: da sassafe an cika Golf da fasinja da kaya, direba ya murɗa makulli, kik na ta juyawa, inji ya ƙi kamawa. Sai a kira yara a tura. Kafin azahar an sayo sabon famfon mai an ɗaura, washegari kuma mota ta sake yin gardama. Na ga irin wannan asara a Kalgo, na gan ta a Gwandu, kuma tana ci mini rai, domin kuɗin iyali ne ke tafiya a kan zato. Ga yadda bakanike mai natsuwa yake bin abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko a san yadda mai ke tafiya. A yawancin motocin fetur masu nozul, famfo na cikin tanki. Shi ke turo mai ta bututu, ya ratsa filta, ya iso inda nozul suke jere a kan inji. Idan turin ya kai, mai na fita kamar feshi, ya gauraya da iska, filogi ya kunna shi. Idan turin ya yi rauni, wato abin da kanikawa ke cewa babu furesha, sai man ya riƙa ɗiga, inji ya yi ta juyawa a banza.

Mataki na ɗaya, a tabbatar matsalar ta mai ce. Idan kik ba ya juyawa da ƙarfi, a koma kan batir. Idan yana juyawa, a tabbatar akwai mai a tanki, don geji na iya yin ƙarya. Sannan a cire tiyon iska, a fesa ɗan maganin wanke kabireta a bakin totur, a mayar, a buga. In ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu ko uku, to wuta na zuwa filogi, mai ne ba ya isowa.

Mataki na biyu, a kasa kunne. Mutum ɗaya ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa, ko ya ɗaga kujerar baya, ɗayan ya murɗa makulli har fitilun gaban direba su kawo, ba tare da buga kik ba. Lafiyayyen famfo yakan yi gunji kamar ƙudan zuma na kimanin daƙiƙa biyu, ya yi shiru. Wasu motocin Toyota ba sa kunna famfo sai kik na juyawa, don haka a saurara a lokacin ma.

Mataki na uku, idan ba a ji komai ba, kada a yanke wa famfo hukunci tukuna. A duba fis ɗinsa. A musanya rilensa da wani irinsa sak, kamar na hon. A sa mita a soket ɗin famfo yayin da ake buga kik, ya kamata a ga abin da ya kusa volt 12. Sau da yawa tsatsa ce ko sakakkiyar waya. Idan wuta na isowa amma famfo shiru, a bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ana bugawa. In ta tashi, famfon ya gaji ke nan, kuma ba zai daɗe ba.

Mataki na huɗu shi ne mai raba gardama: a auna turin mai da gejin furesha. A yi aikin a fili, ba sigari, ba wuta kusa, a naɗe mahaɗar bututun mai da tsumma kafin a kwance, domin mai na iya tsartuwa a ido. Kowace mota da ma'auninta. Toyota Corolla mai nozul tana son psi 44 zuwa 50, wato bar 3 da ɗan ɗoriya. Golf 3 mai nozul ɗaya a bisa totur kuwa wajen bar 1 take aiki. Wanda ya cire tiyo ya ga mai na zuba ya ce famfo lafiya, bai auna komai ba, don mai na iya zuba alhali turinsa bai kai rabi ba.

Mataki na biyar, a karanta allurar. Idan ta tsaya ƙasa da ƙa'ida, a fara da filta da ragar da ke gindin famfo. Na taɓa ganin bakanike ya cire filta ya juye ta a kan farar leda, sai ga baƙin ruwa da ɓarɓashin tsatsa. Ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, famfonka bai mutu ba, shaƙe shi aka yi." A motocin da regileta, wato na'urar daidaita turin mai, ke kan inji, a zare ƙaramin tiyon iskarta, in an ga fetur a ciki, ta fashe. Idan kuwa allura ta hau daidai amma ta zube da zarar an kashe mota, to man na komawa tanki ta bawul ɗin famfo, ko wata nozul na yoyo. A Corolla bai kamata ta sauka ƙasa da psi 21 ba cikin minti 5. Motar da allurarta ke zubewa haka ce ke wahalar tashi idan ta kwana, amma in makulli kaɗai na kunna famfonta, aka murɗa shi aka mayar sau uku kafin a buga, sai ta kama.

Sai an bi duk waɗannan ne ake sayen famfo, kuma a wanke tanki kafin a ɗaura shi, a sa sabuwar raga.

Rigakafi ya fi magani. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa a kan rizab suke wuni. Alhali man da ke tanki shi ke sanyaya famfo, ga zafin Kebbi da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Man bumburutu da ya kwana a jarka mai datti ko ruwa shi ma yana toshe raga, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya lalata motoci a Najeriya a Fabrairun 2022 ba.

Don haka, ɗan'uwa direba, kada ka bar mai ya sauka ƙasa da kwatan tanki in da hali, ka tace man jarka kafin ka zuba. Ranar da mota ta ƙi tashi kuma, ka ce wa bakanike ya auna a gabanka kafin ka zaro kuɗin famfo.