Makaranta Amana Ce: Gininta da Shugabancinta

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta ta birnin Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na 2021 irin haka ta auku a Maraɗi, fiye da yara 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mai sakaci alhaki.

Darasi na farko shi ne gini. A masallacin Madina akwai Suffa, rumfa mai inuwa inda matalautan sahabbai kamar Abu Huraira suke zama suna neman ilimi. Ashe tanadar wa ɗalibi mazauni tsohon abu ne a addininmu. Saboda haka idan jama'a za su gina madarasa, su sa dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, don kada ranar safe da ta yamma su dafa aji. A buɗe tagogi a ɓangarori biyu iska ta ratsa. Ƙofa ta kasance mai faɗi, mai buɗewa waje. A dasa itatuwa, a ajiye randar ruwa, a keɓe wa ƴan mata makewayinsu, domin rashinsa yana mayar da budurwa gida tun karatunta bai nuna ba.

Darasi na biyu shi ne shugaba. Kyakkyawan gini ba ya karantarwa in zukatan malamai sun mutu. Shugaban kirki yana shawara da malamansa, ba ya kunyata su gaban ɗalibai, yana tsayawa a biya su haƙƙinsu kan kari. Malamin da aka wulakanta, a kan yaro yake hucewa da bulala. Yaron da ke tsoro kuwa yana hardacewa, amma ba ya fahimta.

To, mu da ke cika sahu, yaushe rabonmu da leƙa ajin ƴaƴanmu? Kowane masallaci ya wakilta dattawa su ziyarci makarantar unguwa, su duba rufinta da ƙofarta, su saurari malamanta. Buhun siminti guda da aka bayar can, sadaka ce mai gudana.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.