Ranar Cunkoso Ake Sanin Ingancin Shafin Intanet

Sana'ata gina manhajojin intanet da kula da su, musamman irin waɗanda jama'a ke yi wa ca a lokaci guda: shafin rajistar ɗalibai, na duba sakamakon jarrabawa, na neman aiki, na biyan kuɗi. Na yi wannan rubutu ne saboda shugabannin makarantu da ma'aikatu da 'yan kasuwa masu bayar da kwangilar irin wannan aiki, da kuma ƙannenmu da suka shigo sana'ar. Duk ranar da shafi ya sare, maganganu biyu ake ji. Wani ya ce netiwok ne, wani ya ce a ƙaro saba. Galibin lokutan da aka kira ni in duba, netiwok lafiyarsa lau, sabar ma ba ta jigata ba. Wuri ɗaya ne ya shaƙe, kuma sau da yawa rumbun bayanai ne.

Idan ɗalibi ya danna don ganin sakamakonsa, wayarsa na tura saƙo ga saba, sabar ta tambayi rumbun bayanai, rumbun ya lalubo amsa ya miƙo. Ƙara saba a yau ba wuya, kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft suna bayar da hayarta cikin 'yan mintuna. Sai dai duk yawan sabobin, ƙofar rumbu ɗaya suke zuwa. Kamar gidan biki ne da aka zuba masu rabon abinci goma, alhali tukunya ɗaya ce, ludayi ɗaya. Ƙarin masu rabo ƙarin turereniya ne kawai a bakin murhu.

An taɓa kawo mini shafin sakamako na wata makaranta da ke sarewa duk ƙarshen zango, har hukumar ta ware kuɗin sayen babbar saba. Da muka buɗe cikinsa, abu biyu muka tarar. Ba a yi wa lambar ɗalibi fihirisa ba, don haka duk wanda ya nemi sakamakonsa, sai rumbun ya bi sunayen ɗaliban makarantar kaf, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka gama tun tuni. Lokacin da mai manhajar ya gwada aikinsa da 'yan sunaye kaɗan, babu yadda za a yi ya ga wannan. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Shafin kan tambayi jerin darussan ɗalibi sau ɗaya, sannan ya koma ya tambayi makin kowane darasi daban. A ce darussa 12 ne, tambaya 13 ke nan a kan mutum guda. Idan ɗalibai 5,000 suka shigo tare, rumbun zai sha tambayoyi 65,000 a inda 5,000 za su wadatar. Muka sa fihirisa, muka haɗe tambayoyin wuri ɗaya, ba a sayi komai ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a tambaya tun farko: me ya sa ake lissafa sakamako sabo duk lokacin da aka danna, bayan ba ya canzawa da zarar an sake shi? A lissafa sau ɗaya a ajiye kusa, duk mai so a miƙa masa kwafi. Dabarar ta daɗe. Memcached, manhajar da ke wannan aiki, tun 2003 aka rubuta ta saboda shafin LiveJournal, daga baya Facebook ya jingina da ita ƙwarai. Ita da takwararta Redis duk kyauta ne.

Abin da ya fi rikita masu shafi shi ne yadda sarewar ke zuwa ba sallama. Jiya lafiya, yau da hantsi ba ya buɗuwa. Lissafin jerin gwano ne ke bayyana wannan. A mafi sauƙin misalinsa, idan na'ura na aiki da rabin ƙarfinta, lokacin da kowace buƙata ke ɗauka ya ninka sau biyu. Idan ta kai kashi 90 cikin ɗari, ya ninka sau goma. A kashi 99, sau ɗari. Ke nan ɗan ƙarin jama'a a kusa da iyaka ya isa ya tsayar da komai. Daga nan mutane su da kansu ke ƙarasa shi, domin wanda ya ga shafi na juyawa zai sake dannawa, ya buɗe a wayar matarsa, ya aiki yaro shagon intanet, mutum ɗaya ya zama huɗu. Waɗanda suka yi ta fama da tura kuɗi ta waya a Najeriya farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun ɗanɗani wannan.

Kada a ɗauka rashin kuɗi ne kaɗai ke jawowa. A ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafinta na inshorar lafiya, HealthCare.gov, bayan an narka masa ɗaruruwan miliyoyin daloli. Takardun da suka fito daga baya sun nuna mutum 6 kacal suka kammala rajista a ranar farko. Cikin dalilan akwai tilasta wa kowa buɗe asusu kafin ya ga ko da farashi, sai duk taron ya taru a ƙofa ɗaya. 'Yan kwangilar kuma sun shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa a makonni biyun ƙarshe aka gwada tsarin a dunƙule.

Netiwok yana da nasa kason, ba na musu. Haske a cikin wayar gilashi na tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa, ba mai iya ƙara masa gudu. Idan sabarka na Turai ko Amurka, masu amfani kuma na Kano ko Damagaram, kowane saƙo sai ya gangara gaɓar teku ya tsallaka ya dawo, kuma buɗe shafi ɗaya kan ci zuwa da dawowa da yawa. Maganin shi ne rage yawan zirga-zirgar, da ajiye hotuna da makamantansu a sabobin da ke kusa da jama'a, aikin da kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai ke yi. A nan zan ɗan yi tsegumi: ƙaton hoton shugaban ma'aikata da ake liƙawa a shafin farko ba tare da an rage nauyinsa ba, datar talaka yake ci, kuma ba shi aka zo gani ba.

Wajen awo ma a yi hattara da matsakaicin lokaci. Mai kwangila zai iya cewa shafi na buɗuwa cikin daƙiƙa biyu a matsakaici, maganarsa gaskiya, alhali mutum biyar cikin ɗari suna jiran rabin minti. A taron mutum 100,000, su 5,000 ke nan, kuma yawanci su ne masu tsohuwar waya da raunin sabis. A tambayi halin da mafi jinkiri ke ciki.

Ranar cunkoso ba ɓoyayya ba ce. An san ranar sakin sakamako, an san ranar rufe rajista, an san ƙarshen wata. Akwai manhajoji na kyauta, irin su JMeter da k6 da Locust, da ke kwaikwayon dubban mutane suna shiga shafi tare, ta yadda zai sare a ofis maimakon a gaban jama'a. Don haka, ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu a takardar karɓar aiki, ka nemi a gwada a gabanka, da bayanai masu yawan naku na gaske. A faɗa maka mutum nawa shafin ke ɗauka lokaci guda, wane ɓangare ne ya fara gazawa, kuma me za a nuna wa wanda ya zo bayan an cika: layin jira mai tsari ko farin allo. Idan ƙarfin bai kai ba, a raba ranakun shiga tsangaya-tsangaya ko jiha-jiha. Kuma a rubuta adadin da aka yi alkawari a cikin kwangilar, kada a biya cikon kuɗi sai gwaji ya tabbatar da shi.