Aikin Malamin Makaranta Wajen Hana Cin Zarafin Mata

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijeriya cikin 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wata muzgunawa ta jiki tun daga cikarsu shekara 15. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, kashi 28 cikin ɗari na matan da kansu suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa a kan wani dalili, kamar gardama ko ƙonewar abinci.

Ba a haifi kowa da wannan ra'ayi ba. Koyonsa ake yi, tun ana ƙanana. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, watau firamare da ƙaramar sakandare. Ashe ke nan, magidancin gobe yana zaune yau a gaban malami, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaro ba ya koyo daga allo kaɗai. Yana lura da halin malaminsa. Idan ya mari yarinya a filin wasa, malam ya ce ai wasan yara ne, to, ya ɗauki darasi. Idan kullum 'yan mata ne da shara da ɗebo ruwa, maza ne da shugabancin aji, ya sake ɗaukar wani. Malamin da bulala ce amsarsa ga kowane laifi kuwa, yana koya wa ajinsa cewa mai ƙarfi da hannu yake magana. Wannan darasi, abin baƙin ciki, ya fi lissafi saurin shiga kai. Saboda haka wajibi ne a raba aikin makaranta daidai, a kuma tsawata wa yaron da ya zagi yarinya nan take, a gaban waɗanda suka ji zagin.

Har ila yau, malami ne mutum na farko a wajen gida da kan gane yarinya tana cikin wahala: tabo a jiki, yawan fashi, ko shiru ga wadda aka sani da fara'a. Kada ya tuhume ta a gaban 'yan aji. Ya nemi wata malama ta keɓe da ita, sa'an nan a sanar da shugaban makaranta da jami'in jin daɗin jama'a, ko 'yan sanda idan abin ya yi tsanani.

Ya kamata ɗalibai manya su san doka. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce N200,000 ba, ko duka biyu, ga wanda ya doki abokin aurensa. A Abuja hukumar NAPTIP ce ke lura da aiwatar da ita. Jihohi kuwa kowace da tata dokar, don haka malami ya nemi sanin abin da ta jiharsa ta ƙunsa.