Darasin Tarihi: Yadda Aka Lallashi Hitila a Munik

'Yan uwa ɗalibai, tsofaffinmu suna kiran Yaƙin Duniya na Biyu "yaƙin Hitila", kuma a cikinsa ne aka kwashi sojoji daga ƙasar nan zuwa Bama. Kafin ya ɓarke, Ingila da Faransa sun shafe shekaru suna bin siyasar lallashi, wato a bar wa Hitila abin da ya nema ko Allah zai sa ya ƙoshi.

A 1936 ya tura sojoji yankin Rhineland, wanda yarjejeniyar Basai ta 1919 ta haramta wa sojan Jamus. Aka yi shiru. A Maris 1938 ya haɗiye Ostiriya. Sai ya juyo kan Sudetenland, yankin Chekoslobakiya mai Jamusawa kusan miliyan uku.

A ƙarshen Satumba 1938 aka zauna a birnin Munik: Hitila, da Musolini na Italiya, da Daladier na Faransa, da Firayim Ministan Ingila Neville Chamberlain. Masu ƙasar kuwa ba a ba su kujera ba, sai labari suka ji an yanke. Kuma ba fili kawai suka rasa ba. A wannan yankin ne ganuwarsu ta tsaro take, da ta tafi sai ƙasar ta zama gida babu ƙyaure.

To, Chamberlain wawa ne? A ganina a'a. Shekara 20 kacal da gama yaƙin farko, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jama'arsa ba sa son yaƙi, jiragen yaƙinsa ba su gama shiri ba, manya da yawa sun fi tsoron gurguzun Rasha, wasu ma suna ganin an zalunci Jamus a 1919. Inda ya faɗi shi ne ya ɗauka buƙatar Hitila tana da iyaka. Churchill ya faɗa a majalisa cewa kaye aka sha, ba sulhu ba, amma a lokacin masu tafi sun fi yawa.

Ko wata shida ba a yi ba, ranar 15 ga Maris 1939, sojojin Jamus suka shiga Prag, inda babu maganar kare Jamusawa, suka kuma samu masana'antar makamai ta Skoda a ɓagas. Ranar 1 ga Satumba suka faɗa wa Polan. Bayan kwana biyu Chamberlain da bakinsa ya sanar da yaƙi a rediyo.