Yadda Ake Kula da Ruwan Babban Kandamin Kifi

Kiwon kifi a kandami ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, tun shekarun 1950 aka fara yin sa a Panyam ta Jihar Filato. Amma har gobe da yawa daga masu shiga sana'ar hankalinsu yana kan iri da abinci, sai kifi ya soma mutuwa su tuna da ruwa.

Da farko a sani, ruwan kandami mai kyau ba garau yake kamar na randa ba. Wanda ake so shi ne mai ɗan kore-kore. Koren nan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya rarrabewa, su ke samar da iskar da kifi ke shaƙa in rana ta fito, karfasa kuma tana cin su. Gwajin ba ya bukatar kuɗi. Ka tsoma hannunka har gwiwar hannu, ka lanƙwasa tafin. In ya ɓace daidai nan, madalla. In ya ɓace tun daga wuyan hannu, ruwa ya yi kauri. In kuwa kana hango laka a ƙasa, ya yi tsarari, sai a ɗaure kashin kaji a buhu a rataya a ciki, a cire shi da zarar launi ya zo.

To, me ke sa kauri? Galibi hannun mai ba da abinci ne. Mutum yana ɗokin kifi ya yi saurin girma, sai ya riƙa antaya abinci. Abin da ba su ci ba ya nutse, ya haɗu da kashinsu ya ruɓe, ya fitar da guba mai suna amoniya wadda ke lalata wurin numfashinsu. Tsirran nan kuma su samu taki su yi yawa. Da rana suna ba da iska, da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa ɓarna ta fi aukuwa da asuba. Saboda haka mai kandami ya riƙa zagayawa bayan sallar asuba. In ya ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, ko kumfa ta kwanta a gefe, ko ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ya ba da abinci ran nan. Tarwada takan ruɗi mutane, don tana iya shaƙar iskar sarari, sai ta jure abin da zai kashe karfasa nan take. Amma tana jurewa ne tana ramewa, kuɗin abinci na tafiya a banza.

A zuba abinci kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, in suka rage wawaso a tsaya. Lokacin hunturu cinsu yana raguwa, sai a rage. Da bazara kuwa a ƙara sa ido, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai.

Babban kandami ba a kwashe shi gaba ɗaya. A fitar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ta ƙasa inda dauɗa take, a mayar da sabo. Ruwan burtsatse ba shi da wadatar iska, don haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Wanda aka fitar kuma kada a sake wa maƙwabta shi a hanya, a juya shi lambu, alayyafo da tumatir suna son sa.

Akwai kuma jan ruwa na damina, wanda laka ce ruwan sama ya wanko. Maganinsa a ɗaga bakin kandami, a shuka ciyawa a kai, a hana dabbobi sauka. Kainuwa in ta shigo a tsame ta tun ba ta rufe fuskar ruwa ba.

Bayan an kwashe kifi, a bar ƙasan kandami ya bushe har ya tsattsage, a kwashe baƙar laka, sannan a barbaɗa farar hodar nan ta gyaran ƙasa da ake kira layim. Game da yawan da ya dace da ƙasarka, nemi malamin gona na yankinku, ko Cibiyar Binciken Kifi ta Sabuwar Busa a Jihar Neja.