Bugun Zuciya: Yadda Za Ka Auna Naka da na Dabbarka

Darasinmu na wannan karo ba ya buƙatar allura, ba ya buƙatar kuɗi. Yatsu biyu da agogo sun isa. Wanda ba shi da agogo, na cikin wayarsa ma ya yi.

Dabba ba ta da bakin da za ta ce maka ga inda ke mata ciwo. Amma jiki magayi ne. Sau da yawa kafin saniya ta bar kiwo ko ta kwanta, zuciyarta ta riga ta fara sauri. Makiyayin da ya iya ƙirga wannan bugu yakan gane ciwo tun yana ƙarami.

Mene ne bugun zuciya?

Zuciya tsoka ce da ke matsewa tana sakewa, tana tura jini cikin jijiyoyi. Jinin nan shi ke kai wa jiki abinci da iskar da huhu ya shaƙa. Duk matsewa ɗaya, jijiya takan ɗan harba, kuma wannan harbin ne yatsa ke ji. Zuciyar babban mutum tana bugawa kamar sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya in yana hutawa. Idan jiki ya nemi ƙarin iska, ko jini ya yi ƙaranci, dole zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbi. Ka riƙe wannan, don shi ne tushen darasin.

Fara da hannunka

Kada ka fara koyo a jikin bijimi, ka fara a naka.

1. Zauna a inuwa ka huta minti 5.
2. Juya tafin hannunka sama. Ɗora yatsa manuni da na tsakiya a wuyan hannu, gefen babban yatsa.
3. Danna a hankali har ka ji abu yana harbawa. Kada ka yi da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, zai ruɗe ka.
4. Ƙirga na daƙiƙa 15, sai ka ninka sau 4. In ka samu 18, to bugunka 72 ke nan a minti.
5. In ka ji bugun yana tsalle ko yana tsayawa, ƙirga minti guda cikakke.

Babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, bugunsa tsakanin 60 da 100 ne. Wanda ya saba doguwar tafiya bayan shanu yana iya samun 55 kuma lafiyarsa lau. Na jariri ya fi sauri ƙwarai, yakan kai 120 zuwa 160.

Sai dabba

Wurin taɓawa ya bambanta:

Saniya: ƙarƙashin wutsiya, kamar faɗin tafin hannu daga gindinta, a tsakiya. Ko kuma gefen muƙamuƙi na ƙasa.
Tunkiya da akuya: cikin cinya, can sama kusa da mara.
Doki da jaki: ƙarƙashin muƙamuƙi, inda jijiya ke gitta ƙashi.
Raƙumi: ƙarƙashin wutsiya, bayan an durƙusar da shi.

In jijiya ta ƙi samuwa, sa tafin hannu ko kunne a haƙarƙarin hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba. Nan zuciya take. Nan ne mu ma muke ɗora abin sauraren ƙirji, wanda wani likitan Faransa mai suna René Laennec ya ƙirƙiro a shekarar 1816. Kafin shi, kunne likitoci suke karawa a ƙirji, kamar yadda za ka yi.

Ga bugun babbar dabba mai lafiya a minti ɗaya:

Saniya: 50 zuwa 80
Tunkiya da akuya: 70 zuwa 90
Doki: 28 zuwa 40
Jaki: 35 zuwa 55
Raƙumi: 30 zuwa 50

Ɗan maraƙi sabon haihuwa yakan kai 100 zuwa 120, kuma ba ciwo ba ne. Kun gani, ƙaramin jiki ya fi saurin bugu.

Abin da ke sa bugu ya hau ba tare da ciwo ba

Gudu, tsoro, da kokawar kamu duk suna ɗaga shi. In ka kori akuya ka kama, ka bari ta huce minti 10 tukuna. Shanun huɗa da jakin amalanke, a kwance su su huta kafin a auna. Ciki ya tsufa, bugu yakan ƙaru. Haka bayan dabba ta ci ta ƙoshi. Sai zafin rana: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a nan Gaya, awon tsakar rana ba ya faɗin gaskiya. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, kafin a saki dabbobi, wajen tatsa.

Abin da ke sa shi ya hau saboda ciwo

Na farko, zazzaɓi. Ciwon huhu, ɓauru da cututtukan kaska duk suna zuwa da zafin jiki, zuciya kuwa tana bin zafin.

Na biyu, ƙarancin jini. Wannan ya fi damunmu a nan, don ƙasarmu ta ruwa ce. A bakin kogin Isa da fadamun Dallol Mawri akwai tsutsar hanta da tsutsar ciki, a dazukan kudu kuma akwai ƙudan tsando mai kawo sammore. Duk suna rage jini. Ja fatar idon dabba ka duba, ko dasashinta. In ka ga fari maimakon ja-ja, ga kuma bugu da sauri, jini ne ya yi ƙasa.

Na uku, rashin ruwa a jiki, musamman ga maraƙi mai zawo. Za ka ji bugun da sauri amma siriri kamar zare, ido ya faɗa, kunnuwa sun yi sanyi. A ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a nemi ma'aikaci.

Na huɗu, raɗaɗi, kamar kumburin ciki ko naƙuda mai wuya.

Wani farkon damina, lokacin da garkuna ke dawowa daga kudu, an kira ni wata ruga wajen Dallol Foga. Shanu biyu sun riga sun mutu. Mai garken ya nuna mini ta uku, ya ce ita kam gajiyar hanya ce kawai, ai tana ci. Na taɓa wutsiya da sanyin safiya, na samu 104. Fatar ido fari fat. Da aka duba jini, sammore ce. Aka yi mata magani daidai nauyinta, ta tashi. Da an taɓa biyun nan mako biyu kafin haka, wataƙila da suna nan.

Yaushe za ka kira mu?

Babbar saniya tana hutawa, bugu ya wuce 100. Tunkiya ko akuya ta wuce 120. Doki ya wuce 60, yana birgima yana duban cikinsa. Ko bugun ya raunana har da ƙyar ake ji. To kada ka jira gobe, sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa, ka faɗi adadin da ka ƙirga. Bugu yana nuna akwai ciwo, amma ba ya faɗin sunansa. Don haka kada ka sayi allurar tebur a kasuwa ka yi ta soke-soke. Maganin da bai kai ƙima ba, ƙwayar cuta yake koya wa taurin kai.

Kai ma kada ka manta da kanka

Garke ba ya kiwon kansa. Shayi mai kauri, goro da taba suna ɗaga bugun mutum. Zazzaɓin cizon sauro ma haka: duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, bugu yakan ƙaru da kamar 10. In kana hutawa bugunka ya zauna sama da 100, ko ya yi ƙasa ƙwarai kana jin jiri, je gidan likita. In ko da ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko suma, a tafi da kai nan take, ko dare ne. Mace mai ciki da ke haki, zuciyarta na dakan uku-uku, a kai ta awo a duba jininta.

Aikin wannan mako

Zaɓi dabbobi uku masu lafiya. Auna su da safe kwana uku a jere, ka riƙe adadin kowace ko yaro ɗan makaranta ya rubuta maka. Kowace dabba da nata, kuma sai ka san na ranar lafiya za ka gane na ranar ciwo. In ka iya, koya wa matar da ke tatsa da yaron da ke bin awaki, don su ne ke fara ganin canji.

Allah ya albarkaci garke, ya ba mu lafiya da mu da su.